Tsohon Ginin Kwalejin Katsina a Ma'aunin Sifawa: Sharhi a Kan Gini da Yadda Ake Ba da Tarihinsa

1.0 Gabatarwa

Kowace babbar makaranta tana da wani gini da ake ɗauka shi ne kanta. A nan ofishin shugaba yake, a nan ake ajiye rajistar ɗalibai da takardun jarrabawa da littafin kuɗi, kuma hotonsa ake bugawa a bangon mujallar makaranta. Duk mai son sanin tarihin makaranta daga wannan gini ya kamata ya fara, domin a cikinsa ake yanke wanda za a ɗauka, da wanda za a sallama, da abin da za a koyar.

A Arewacin Nijeriya babu ginin makarantar boko da ya kai tsohon ginin Kwalejin Katsina suna. Wannan maƙala za ta yi sharhi a kansa ta fuska uku, wato aikin maginan da suka tayar da shi, da abin da rajistarsa ke nunawa, da kuma yadda ake ba da labarinsa a yau. Daga nan za ta auna shi da Sifawa, garin da ke kusa da Boɗinga, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa daga wajen shekarar 1810 zuwa 1815. Ra'ayin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, tarihin makaranta da ƙafa biyu yake tsayuwa, wuri da takarda. A Katsina mun riƙe bango, amma mun mai da labarinsa kirarin manya. A Sifawa mun riƙe littattafai, amma ba mu cika haɗa su da wurin da aka rubuta su ba.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Ginin

An gina Kwalejin Katsina a shekarar 1921, a wajen Rafukka, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Gwamnan Nijeriya na lokacin, Sir Hugh Clifford, shi ya buɗe ta a hukumance ranar 5 ga Maris, 1922. Shugabanta na farko wani Bature ne mai suna G.A.J. Bieneman.

Kafin wannan lokaci akwai makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, sannan aka yi ta buɗe makarantu a larduna. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamai 'yan ƙasa da za su koyar a cikinsu. Wannan giɓi aka kafa kwalejin ta cike. Ana zaɓo yara Musulmi daga larduna, a ba su horon shekara 5, su koma garuruwansu su kama alli.

A jawabinsa na buɗewa Gwamna Clifford ya bayyana dalilin zaɓen Katsina. Na farko, gari ne da ya daɗe da yin suna wajen ilimi da addini. Na biyu, yana nesa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar manyan garuruwan ciniki. Dalili na biyun ya cancanci a yi masa kallon tsanaki, domin ya nuna irin ɗalibin da ake son fitarwa: mai jin Turanci sosai, mai ladabi ga sarakuna da Turawa, wanda kuma bai cuɗanya da 'yan jarida da 'yan siyasar Ikko ba.

Kwalejin ba ta daɗe a wannan gini ba. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, a 1971 kuma aka sa mata sunan Kwalejin Barewa. Ke nan shekara 17 kawai ta yi a Katsina. A 1959 aka sa tsohon ginin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare.

3.0 Ginin a Matsayin Aikin Magina

Abu na farko da mai ziyara zai lura da shi shi ne ginin na jar ƙasa ne, irin na Hausawa. Akwai dalilin kuɗi a ciki. A wancan lokaci siminti da kwano daga Turai ake kawo su ta jirgin ruwa zuwa Ikko, a ɗoro su a jirgin ƙasa zuwa Kano, sannan a san yadda za a yi su kai Katsina. Ƙasa kuwa ga ta a ƙarƙashin ƙafa, ga giginya, ga magina masu gadon sana'a. Akwai kuma dalilin siyasa. Tun zamanin Ɗan Hausa manufar Turawa ita ce kada makaranta ta yi wa iyaye kama da baƙon abu, don kada su guje ta.

Ko mene ne dalilin, aikin da aka ɗora wa maginan ba ƙarami ba ne. Ɗakin kwana na gida ƙunci gare shi, azara ɗaya kan haye shi daga bango zuwa bango. Aji kuwa yana bukatar faɗi, da haske, da iska, da fili yadda kowane ɗalibi zai hangi allo. Azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma idan tazara ta wuce ƙima sai ta lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin ƙasar rufi. Maganin da maginan Hausa suka daɗe da samowa shi ne baka. Ana jera guntayen azara daga cikin bango, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Da wannan dabara ta bakan gizo Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Fasahar da aka gina fada da masallaci da ita, ita aka juya ta yi wa aji da ofis hidima.

Ta fuskar zama ma ginin ƙasa yana da fifikon da malaman makaranta za su fi kowa ganewa. Bango mai kauri yana shanye zafin rana, ba ya sakin sa sai dare, don haka ɗaki kan yi sanyi da tsakar rana, ya yi ɗumi da hunturu. Duk wanda ya taɓa koyarwa a ƙarƙashin kwano marar silin a watan Afrilu, ko ya yi ƙoƙarin ɗaga murya ana ruwan sama a kan kwanon, ya san darajar rufin soro.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Kowace shekara kafin damina sai an duba rufi, an gyara indararo, an toshe tsaga, an sabunta yaɓe. Magabata suna kare bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, suna kuma dafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Masu wannan sani suna ta raguwa. Abin da ya zama ruwan dare a yau shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti. Siminti da ƙasa kuwa ba sa kama juna. Danshi kan maƙale a tsakani, ya ci bangon daga ciki, a waje ana ganin lafiya lau. Ruftawar wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya a watan Agusta 2023, inda aka yi asarar rayukan masallata, ta isa ta tuna mana cewa tsohon ginin ƙasa yana bukatar idon gwani a kai a kai. Sa gini cikin jerin wuraren tarihi ba ya hana ruwan sama zuba.

Babban abin takaici a nan shi ne, idan ana ba da labarin kwalejin ana ambaton Gwamna da Sarki da shugaban makaranta, ba a ambaton waɗanda suka yi tubali, suka ɗaura azara. Alhali a cikin duk abin da ke wurin, aikinsu ne kaɗai ido ke iya gani a yau.

4.0 Abin da Rajista ke Nunawa

Mafi darajar abin da ofishin makaranta ke ajiyewa shi ne rajistar shiga. Kwalejin Katsina ta kafa wata kyakkyawar al'ada, wato ba kowane ɗalibi lamba ranar da ya shigo, kuma lissafin bai yanke ba duk da ƙaura zuwa Kaduna da Zariya. Ahmadu Raɓa, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa, ya shiga a 1926 da lamba 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928 da lamba 145. Shehu Shagari, wanda ya shiga a 1941 bayan makarantar ta koma Kaduna, lambarsa 394.

Tsofaffin ɗalibai kan faɗi waɗannan lambobi cikin alfahari, kuma sun cancanta. Amma mai nazari zai ga wani abu dabam a cikinsu. Idan a shekara 20 lissafi bai kai 400 ba, ke nan kimanin yara 20 ake ɗauka a shekara. Ƙidayar 1931 kuwa ta nuna mutanen Arewa sun haura miliyan 11. A Ikko an buɗe makarantar sakandare ta mishan tun 1859, gwamnati kuma ta buɗe King's College a 1909. Saboda haka wannan kyakkyawan gini shaida ne a kan abu biyu a lokaci guda: ingancin horon da aka ba 'yan kaɗan, da ƙuncin ƙofar da aka buɗe wa jama'a. Ƙarancin ma'aikata 'yan Arewa da ya dami Sardauna a shekarun 1950, har ya fito da manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, saiwarsa tana cikin wannan rajista.

Haka kuma babu sunan mace ko ɗaya a cikinta. Makarantar ta maza ce zalla, kuma ba a yi wa mata makamanciyarta a wancan lokaci ba.

Rajistar tana kuma nuna yadda manufa ta sauya hanya. An horar da ɗaliban don su zama malamai, kuma da koyarwa suka fara. Ahmadu Bello ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, sannan aka naɗa shi hakimin Raɓa. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci kafin siyasa ta ɗauke shi. Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina, a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kashim Ibrahim, wanda shi ma da alli ya fara, ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962. Tun da su kaɗai ne ke da wannan ilimi, kowane ofis su yake nema, aji kuma ya riƙa rasa gwanayensa.

5.0 Inda Masu Ba da Labari ke Tuntuɓe

Akwai kurakurai huɗu da ake yawan ji a jawaban ranar rabon kyaututtuka da cikin ƙananan littattafan tarihi.

Na farko shi ne tara duk manyan Barewa a zuba su cikin ginin Katsina. Shehu Shagari a Kaduna ya yi karatunsa, daga 1941 zuwa 1944. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed a Zariya suka yi nasu. Makaranta ɗaya ce, amma mazauni uku ne, kuma kowanne da nasa zamani da nasa manhaja.

Na biyu shi ne cewa da wannan gini ilimi mai zurfi ya fara a Arewa. A cikin Katsina kanta Hasumiyar Gobarau tana tsaye tana ƙaryata wannan magana. Garin ya fitar da Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina tun ƙarni na 17, ya kuma fitar da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Abin da ya dace a ce shi ne, da ginin aka fara horon malaman boko mai zurfi a Arewa.

Na uku shi ne mantawa da malamai 'yan ƙasa. Ana tuna Gerald Power saboda yadda ya gyara wa ɗalibai lafazin Turanci, amma ba a cika tuna irin su Malam Bello Kagara ba, wanda ya daɗe yana koyarwa a kwalejin.

Na huɗu kuma kishiyar waɗannan ne, wato a yi watsi da makarantar baki ɗaya a ce masana'antar 'yan koren Turawa ce. Wannan ma rashin adalci ne. A gasar ƙaga labarai ta 1933 da Rupert East ya shirya, marubucin Ruwan Bagaja da na Shaihu Umar tsofaffin ɗalibanta ne, marubucin Ganɗoki kuma malaminta ne. Makarantar da aka kafa don gyara Turanci ita ta ba rubutaccen zuben Hausa na boko tubalinsa na farko. Mai son cikakken bayani zai amfana da littafin da J.P. Hubbard ya wallafa a shekarar 2000 a kan tarihin kwalejin daga 1921 zuwa 1942, da kuma tarihin rayuwar Sardauna da ya fito a 1962.

6.0 Ma'aunin Sifawa

Yanzu sai mu dawo gida. Matafiyin da ya bar Sakkwato ya yi kudu ta hanyar Boɗinga da Shagari yana ratsa ƙasar da ta taɓa zama cibiyar karatu da mulkin Daular Usmaniyya, shekara ɗari da 'yan kai kafin a aza tubalin Kwalejin Katsina. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga, ɗansa Muhammadu Bello kuma yana Sakkwato, wadda aka fara ginawa a 1809. Shehu yana Sifawa ne a 1812 ya raba kula da daula gida biyu, yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. A 1815 ya koma Sakkwato, inda Allah ya yi masa rasuwa a 1817.

Kada a ɗauka ana nufin Sifawa kwaleji ce irin ta boko. Tsarin dabam ne. A karatun zaure babu ƙararrawa, babu lambar shiga, babu takardar kammalawa sai ijaza daga malami zuwa ɗalibi. Amma aikin da ginin mulki ke yi a kwaleji, wato tsara abin da za a karanta da fitar da waɗanda za su riƙe al'umma, an yi shi a Sifawa. Kwatanta wuraren biyu yana fito da abubuwa uku.

Na farko, a Katsina malamai sun bar aji sun shiga mulki. A Sifawa kuwa shugaban jama'a ne da kansa ya miƙa harkokin mulki na yau da kullum ga wasu, ya koma ga karantarwa da rubutu. Wannan darasi ne ga duk mai ganin koyarwa matattakala ce kawai ta hawa wani muƙami.

Na biyu, ƙofar karatun Shehu a buɗe take ga mata. A cikin Nurul Albab ya zargi malaman da ke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, a wannan gida ta tashi, daga baya kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru na ilimantar da matan karkara. Ta wannan fuska makarantar 1921 tana bayan ta 1810.

Na uku, abin da ya fi ƙarfi cikin gadon Sifawa yana cikin takarda. A waɗannan shekaru Shehu ya rubuta Najmul Ikhwan, inda ya kwaɗaitar da ɗalibai su karanta littattafan malaman zamaninsu domin su suka fi sanin matsalolin lokacin. Bello ya kammala Infaƙul Maisur a 1812, Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙat a 1813. Ana karanta waɗannan littattafai har gobe. Sai dai ɗalibi kan karanta su ba tare da an gaya masa a wane gari, cikin wane hali, aka rubuta su ba. Yaran makarantunmu suna jin Ɗegel da Gudu da Tabkin Kwatto da Alƙalawa, saboda hijira da yaƙi sun fi daɗin bayarwa. Shekarun Sifawa, da yake na zama ne da tawada da alƙalami, sai a tsallake su da jimla ɗaya. Alhali a cikinsu aka fuskanci tambaya mafi wuya, wato yadda za a riƙe ƙasa bayan an ci ta.

7.0 Kammalawa

Wannan sharhi ya nuna cewa tsohon ginin Kwalejin Katsina ya cancanci martabarsa, amma saboda dalilan da suka fi jerin sunayen manya faɗi. Aikin gwanayen magina ne, kuma shaida ne a kan alheri da ƙuncin ilimin zamanin Turawa. Sifawa kuma ta nuna cewa littafi ma yana bukatar a san mahaifarsa. Saboda haka ga wasu shawarwari ga malamai da dattawa.

Shugabannin makarantu su ɗauki rajistar shiga da littafin abubuwan da ke faruwa kullum da tsofaffin hotuna a matsayin amana. A raba su da gara da yoyon rufi, a ɗauki hotonsu a adana a kwamfuta, a kai kwafi ma'ajiyar tarihi ta jiha. Makarantun da muke gani sababbi su ma sun fara tsufa. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 aka kuma sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta riga ta cika shekara 50.

Kafin a rushe ko a sabunta tsohon ofishin makaranta, a auna shi, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a rubuta shekarar gininsa da sunan maginin. Idan na ƙasa ne, a nemi shawarar Sarkin Magina kafin a kira ɗan kwangila.

Malaman tarihi na yankin Boɗinga da Shagari da Yabo su riƙa kai ɗalibai Sifawa, su zauna da dattawan garin, a rubuta abin da suka ji daga iyayensu game da wuraren da Shehu da jama'arsa suka zauna, tare da sunan mai bayani da ranar da ya yi shi. Daga nan a gwada da abin da ke cikin littattafai, a ware abin da ya tabbata. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, to amma sai an tambayi babban tun yana raye.

Allah ya jiƙan magabatanmu, malamai da magina, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.